Littafin da Lawal Ya Ɗinka

Lawal ɗan kawuna ne, abokin wasana, don haka ina da lasisin faɗin duk abin da zan faɗa a kansa. In ya ji haushi, ya kai ƙara wurin kakannin da suka haɗa mu.

Duk Nguru an san shagon atamfar Alhaji, mahaifin Lawal, a bakin kasuwa. An kuma san Lawal ba ya zaman shagon sai an yi da gaske. Inda yake zama da zuciya ɗaya shi ne zauren gidanmu ranar Asabar, inda muke wasan Ayari. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne na zama da baki. Kowa yana da jaruminsa a rubuce a takarda, da sunansa da ƙarfinsa da kayan da yake ɗauke da su. Mutum ɗaya, wanda ake kira Madugu, shi ke ba da labari: ga ku a hamada, rijiya ta ƙafe, 'yan fashi sun taso, me za ku yi? Kai kuma ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Babbar lamba ta fito, ka dace. Ƙarama ta fito, a sha dariyarka. Jarumin da ya mutu kuwa ya mutu ke nan. A ninke takardarsa, ka fara renon sabo daga farko.

Dokokin wasan suna cikin wani siririn littafi da ake kira Tushe. Shi kaɗai ya isa a yi ta wasa har a tsufa. Amma samarin da suka ƙirƙiro wasan su ma suna cin abinci, saboda haka duk bayan 'yan watanni sai su fito da wani littafin da suke kira Ƙari. Akwai Ƙarin Makamai, akwai Ƙarin Dabbobi, Ƙarin Fadama, Ƙarin Layu, da wasu da na manta. A waya ake sauke su, a kai wa masu fotokwafi su buga. Mu a Nguru babu mai karanta Ƙari sai Lawal, shi ma inda ya yi masa daɗi kaɗai yake karantawa, ya tsallake sauran.

Da Ƙarin nan ya gina jaruminsa, Barde Gagara. Shekara uku yana renonsa, yana ji da shi fiye da yadda yake ji da babur ɗinsa. Sulken baƙin ƙarfe daga kai har ƙafa, takobi mai magana, laya mai dawo da matacce, abin hawansa kuma jimina ce mai aman wuta. Nawa jarumin makiyayi ne mai sanda da igiya da jaki, abin da Tushe ya ba kowa. Mun sha yin ƙorafi. Sai dai ɗan lidon na Lawal ne, shayin ma shi ke kawowa, Madugunmu Suhaib kuma mutum ne mai gudun rigima.

Ana nan sai ga gayyata daga Gashuwa. Masu wasan can suna son a haɗu a yi zama ɗaya, Madugunsu Babagana ya ja ayarin. Sharaɗi ɗaya suka kafa: Tushe kawai.

"Tushe kawai?" in ji Lawal, ya dire kofin shayi. "Masu kamun kifi ne za su koya mini doka?"

Na ce, "To sai ka bar jiminar a gida. A Tushe ai Gagara ba shi da komai sai sanda da wando."

"Nasuru, matsalarka ba ka tunani. Mene ne Tushe?"

"Littafi."

"Mai bango. Mene ne Ƙari?"

"Littafi."

"Mai wani bangon dabam. To in bangon ya zama ɗaya fa?" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana jiran tafi. "Zan ɗinke su duka wuri guda. In Babagana ya ce Tushe, in ɗora masa a cinya in ce ga shi nan. Sai Gagara ya shiga Gashuwa a kan jimina, kifin kogin nan duk ya gasu da kansa."

Suhaib ya buɗe baki, ya tuna shayi, ya rufe.

Washegari Lawal ya shiga ɗaki ya share duk takardun da ke kan kanta cikin buhun bakko, ya ɗora mini a kai, muka nufi wurin Malam Mu'awiya, dattijon da ke yi wa tsofaffin littattafai bangon fata a kusa da tashar jirgi. Malam ya zazzage buhun a tabarma yana jera su. Lawal kuwa tuni ya kafa waya a baki yana aika wa Gashuwa saƙon murya, yana ce musu su tanadi benci da yawa domin jama'a su samu wurin kallo.

Can Malam ya ɗaga wani ɗan littafi, shi ma fotokwafi, ya ce, "Ɗan Alhaji, har da wannan mai hoton kaza?"

Na gane shi nan take. Na Suwaibatu ne, matar Lawal, wanda aka raba musu a wurin koyon kiwon kaji na ƙungiyar mata.

"Malam, na ce duka," in ji Lawal, ko juyowa bai yi ba.

"Lawal, wannan fa na..."

"Nasuru, ina magana da Gashuwa! Malam, ko tikitin mota ka tsinta a buhun nan, ɗinke shi. Kada ka bar ko falle ɗaya."

Malam Mu'awiya ya dube ni, na dube shi. Ya ɗaga kafaɗa, ya sa littafin kajin a bayan Ƙarin Dabbobi, don a ganinsa duk dabbobi ne. Da ya gama ɗinki ya shafa mannen sitacin rogo, ya ce a bar shi ya kwana biyu a inuwa ya bushe. Lawal ya ce Gagara ba ya jiran sitaci. Ranar Asabar da sassafe ya karɓe shi da danshinsa.

Wallahi littafin ya yi kyau. Jar fata, kauri kamar bulo biyu a haɗe. Lawal ya rungume shi a ƙirji ya bi ta tsakiyar kasuwa, alhali akwai hanya mafi kusa zuwa tasha. Masu shaguna suka fara leƙowa. Wani tela ya ce, "Kai jama'a, Lawal ya shiryu!" Tsohuwa mai daddawa ta tare shi ta ce ya sa gwiwarta a addu'a. Shi kuwa maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya sunkuyar da kai ya rage sauri, yana amsa gaisuwa da ƙyar irin ta manyan masana. Alhaji da kansa ya fito ƙofar shago, ya daɗe yana kallon ɗansa da littafi, idonsa ya kawo ruwa.

"Ina za a kai wannan, Lawal?"

"Gashuwa, Baba. Akwai waɗanda suka ɓata, za mu je mu gyara musu fahimta."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Alhaji. Ni dai na kama kallon ƙasa.

A tasha aka fara. Direban, wani gajere mai suna Bilya, ya ɗaga littafin ya jijjiga ya ce kaya ne, but zai shiga.

"Ka san abin da ke cikinsa?" in ji Lawal.

"Na san nauyinsa. Mutum huɗu ne a baya, biyu a gaba. In ka riƙe shi a cinya, gwiwar wa zan karya in sa giya?"

"To a ba shi kujera."

"Yana da ƙafa? But!"

Aka sa shi a but, kusa da akuyar wani fasinja da aka ɗaure wa ƙafafu. Duk tsawon hanya Lawal yana ba mutanen motar labarin Barde Gagara, har wata mata ta tambaya ko a wane gari yake sarauta. Ni kuwa ina jin wani ƙuƙus-ƙuƙus daga baya, na ɗauka tayar mota ce.

Da muka isa Gashuwa Bilya ya buɗe but, sai ga akuya da takarda a baki, ta lumshe ido. Ƙanshin rogo ya ja ta. Ta ture bangon baya, ta cinye fallayen ƙarshe sai guntaye a jikin zare. Mai akuyar ya fara ba da haƙuri, Lawal ya ɗaga masa hannu.

"Ƙarshen littafi ai ba komai sai godiya da adireshi."

Na ce, "Wane Ƙari Malam ya sa a ƙarshe?"

"Ban sani ba, ba na kuma bukatar sani. Duk suna cikin kaina."

A ƙarƙashin bishiyoyin maina na bakin kogi aka shirya zaman, inda hayaƙin masu bandar kifi ke kaɗowa. Saƙonnin Lawal sun yi aiki, don an yi ta tura su daga waya zuwa waya. Benci ya cika. Ɗalibai, masunta, masu kabu-kabu, har da mai akuyar nan, wanda ya biyo mu ya ga ƙarshen abin, ya ɗaure akuyarsa a gindin maina. Babagana malamin lissafi ne, dogo siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son tashin kowa daga barci. Kusa da shi akwai Meram, ɗaliba ce, jarumarta masunciya mai mashi da gora irin na hawa ruwa.

"Wushe, wushe, mutanen jirgin ƙasa," in ji Babagana da irin gaisuwar mutanen can. "Lale. Wannan matashin kai ne kuka zo da shi?"

Lawal ya dire littafin a tebur, tebur ya yi ƙara. "Tushe ne."

"Tushen da na sani yana shiga aljihu."

"Ya girma."

"Me kuke ba shi a Nguru?" in ji Meram. Aka yi dariya.

Babagana ya ce, "Malam Lawal, bari mu fahimci juna. Tushe shi ne abin da in babu shi wasa ba zai yiwu ba. Ƙari kuwa sai masu zama sun yarda da shi tukuna. In kuma an ɗauke shi, da daɗinsa da wuyarsa ake ɗauka. Shi ya sa muka ce a sauƙaƙa."

"Tsoro dai!" Lawal ya haye kan benci ya juya wajen jama'a. "Mutanen Gashuwa, ku zama shaida. Duk abin da aka ɗinke tsakanin bangon nan biyu doka ne. Abin da ba a ɗinke a ciki ba, ko a bakin wanda ya ƙirƙiro wasan kuka ji shi, ba doka ba ne. In Madugunku ba zai iya ba, ya faɗa, mu koma da motar da ta kawo mu."

Babagana ya jawo littafin yana buɗawa a hankali, yana raba fallayen da sitaci ya manne. Da ya zo tsakiya ya tsaya. Na ga gashin bakinsa ya motsa.

"Duk abin da ke ciki?"

"Duka."

"Ka tabbata?"

"Ya Babagana, rana tana tafiya."

"To, bismilla."

Aka fara. Ayarinmu na kanwa ya gangaro daga tuddan yashi ya iso wani ƙauyen masunta a bakin fadama. Wani tsohon kada ya tare mashigi, ya hana kowa hayewa. Babagana ya tambayi kowa yadda zai shiga ƙauyen. Na ce makiyayina zai yi sallama. Meram ta ce masunciyarta za ta nemi mai gari.

Lawal ya gyara hula. "Barde Gagara zai shigo a kan jiminarsa, wuta na fita ta bakinta, ƙasa na girgiza, mata na guɗa..."

"Dakata kaɗan. Jiminar nan tsuntsuwa ce?"

"A'a, tarwaɗa ce. Tsuntsuwa ce mana!"

"'Yar ƙauyen ce, ko daga wani gari ta zo?"

"Daga bayan duniya ta zo."

Babagana ya buɗe tsakiyar littafi ya karanta da murya ɗaya, babu ko murmushi: "Duk tsuntsun da aka kawo daga wani gari, a keɓe shi a akurki dabam har sati biyu kafin ya haɗu da na gida. A riƙa duba kashinsa kowace safiya."

Wurin ya fashe da dariya.

"Wannan ba ya cikin wasan!" in ji Lawal.

"Yana cikin bango?" Babagana ya ɗaga littafin da hannu biyu ya juya wa jama'a. Ga hoton kaza nan ɓaro-ɓaro, ga zaren Malam Mu'awiya ya ratsa ta gefenta.

Wani mai kifi ya ce daga baya, "Gaskiya ne fa! Ni da na ƙi yin haka bara, kajina duk suka ƙare."

"Jimina ce mai aman wuta, ba kaza ba!"

"An ce duk tsuntsu," in ji Meram. "An yi mata riga-kafi ma kuwa? Ya Babagana, duba shafin gaba."

Lawal ya ce zai lallashi mai garin. Ya hura ɗan lido, ya jefa. Uku. Babagana ya sanar da cewa mai gari ya tausaya, ya ba da akurki mai inuwa da kaskon ruwa.

Lawal ya matso kunnena. "Littafin Suwaiba ne wannan! Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kana magana da Gashuwa."

Haka Barde Gagara ya kama hanyar mashigi a ƙasa. Ba a yi nisa ba Babagana ya buɗe Ƙarin Makamai, daidai shafin da Lawal ya samo sulkensa, ya karanta layin da ke ƙarƙashi, wanda Lawal bai taɓa kaiwa ba. Mai sanye da sulken baƙin ƙarfe in yana tafiya a rana, rabin saurin mutane yake yi, ruwan mutum uku kuma yake sha. Kafin a kai bakin fadama Gagara ya shanye salkarsa, ya shanye tawa, ya fara kallon ta Meram.

"Nasuru, ara mini jakinka."

"Tambayi jakin."

Aka jefa wa jaki ɗan lido. Sha tara. Babagana ya ce jaki ya dubi sulken, ya dubi Gagara, ya kwanta.

Da aka iso mashigi kada ya ɗago kai daga cikin ciyawa. Lawal ya farfaɗo. "Yanzu za ku gani. Gagara ya zare takobi!"

"Takobin nan mai magana?" Babagana ya juya shafi. "An ce ba ya fita kube sai mai shi ya miƙe tsaye ya yi masa kirari da bakinsa, jama'a na ji."

A Nguru ba mu taɓa jin wannan ba. Wani zai ji kunya, amma ban da ɗan kawuna. Ya miƙe, ya tattare hannun riga, ya cika ƙirji.

"Kai baƙin ƙarfe mai hana barci! Mai aske dutse ba sabulu! Ka sari iska ta yi jini! Maza sun gan ka sun tuna suna da aiki a gida!"

Masu kabu-kabu suka buga ham. Wata mai fura ta yi guɗa. Lawal ya zauna yana haki, gumi ya jiƙa masa wuya, ya jefa ɗan lido da yanga. Biyu.

Babagana ya ƙanƙance murya ya zama takobi: "Ban ji sunan kakata ba. A sake gobe."

Ni kaina sai da na kwanta a kan benci.

Meram ta share hawaye ta ce tana da dabara. A ɗaura kifi a igiyar makiyayi, ta hau gora ta zagaya ta bayan kadan, in ya kama kifin a ja, ita kuma ta soke shi. Duk abin da Tushe ya ba mu ne, kuma da alama zai yi. Abin da Lawal ba zai iya jurewa ba ke nan, a ce 'yar Gashuwa ta kashe kada Gagara yana tsaye yana kallo.

"Ba na bukatar takobi. Gagara zai shiga ruwan ya shaƙe shi da hannu."

"Lawal, fadama ce fa," na ce.

"Na san fadama."

"Da sulke?" in ji Babagana. Wannan karon ya tambaya da gaske, har ya ɗora hannu a kan littafin bai buɗe ba. "Malam Lawal, zan ba ka dama ka sake shawara."

"Na ce ya shiga."

Babagana ya buɗe Ƙarin Fadama. Mai nauyi irin wannan in ya taka laka, sai ya jefa ɗan lido. Lawal ya jefa. Ɗan lidon ya yi ta juyi a tebur, kowa ya miƙa wuya. Ɗaya.

Gagara ya nutse zuwa gwiwa. Aka zagayo, ya kai ƙugu. Na ce makiyayina ya jefa masa igiya, Babagana ya ce igiya ba ta jan wannan nauyin. Meram ta ce masunciyarta ta tura masa gora, ya tuɓe sulken ya kama, zai tsira.

"Barde Gagara ya tuɓe a gaban jama'a? A Gashuwa?"

"Malam Lawal, ka ceci mutuminka," in ji mai akuya. "Ƙarfe ne fa kawai."

"Ku bar shi ya nutse," in ji Lawal, ya harɗe ƙafa yana murmushi. "Akwai abin da ba ku sani ba."

Laka ta kai ƙirji, ta kai wuya. Babagana ya jira, ya sake jira, sannan ya ce, "Fadama ta rufe. Barde Gagara ya mutu."

Lawal ya tafa hannu sau ɗaya. "Madalla. Yanzu buɗe Ƙarin Layu. Yana da layar dawowa a damtsensa na dama. Zai tashi a bakin ruwa, ƙarfinsa ya ninka."

Babagana ya fara nema. Ya wuce Makamai, ya wuce Dabbobi, ya wuce kaji, ya wuce Fadama. Ya kai ƙarshe, inda babu komai sai guntayen takarda masu shatar haƙora. A jikin wani guntu ana iya karanta rabin kalmar layu.

Kowa ya juya a hankali ya dubi gindin maina. Akuya tana kwance tana tuƙa.

"Yana cikin akuyar!" Lawal ya yi tsalle. "Kowa ya sani akwai shi! Yana cikinta!"

"Akuyar tana cikin bango?" in ji Meram.

"To yana cikin wayata! Ga shi nan!" Ya zaro waya, ya cusa ta tsakiyar littafin, ya rufe da ƙarfi. "Ga ta cikin bango!"

"Ba a ɗinke ba!" jama'a suka amsa baki ɗaya kamar an koya musu. Wani tsoho mai gyaran koma ya miƙo allurarsa ya ce in ana so ya huda wayar, ba zai karɓi ko sisi ba.

Babagana bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu, kamar yadda al'adar wasan take, ya ce a ba shi takardar Gagara. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Lawal ya zaro ta a hankali, babu cika baki ko ɗaya. Takardar nan ta tsufa, ta sha gogewa da sake rubutu, gefenta akwai tabon shayi na shekara uku, har da ɗan hoton jimina da ya zana da jan biro. Ya daɗe yana kallonta. Wallahi na tausaya masa. Babagana ya ninke ta gida huɗu ya mayar masa da hannu biyu.

Sai mai akuya ya matso, ya cire hula, ya ce, "Malam Lawal, ya haƙuri?"

Shi ke nan aka sake rushewa. Kadan kuwa, da igiya da gora da kifi ɗaya muka kashe shi.

Kafin mu iso Nguru bidiyon da wani ya ɗauka da waya ya riga mu. Tela ya leƙo ya ce yana gaida takobi. Tsohuwa mai daddawa ta ce ta janye gwiwarta. Alhaji kuwa sai ya miƙa wa Lawal makullin shago ya ce daga Litinin shi zai riƙa buɗewa. Na raka shi har gida don littafin ya yi masa nauyi. Suwaibatu tana tsakar gida da waya a hannu.

"Baban Salma, sannu da hanya. Kwana uku ina neman littafina, ashe ya tafi yaƙi." Ta karɓi jibgegen littafin daga hannuna, ta buɗe daidai hoton kaza, ta sa yatsa. "A share akurki kowace safiya, a wanke kaskon ruwa." Ta ɗauko tsintsiya ta miƙa masa.

"Suwaiba, wannan ai naki ne."

"Yana cikin bango?"

Bayan sati biyu na biya masa da safe. Na same shi durƙushe a bakin akurki, tsintsiya a hannu, gashin kaza a hula, yana gaya wa zakara cewa sabon jaruminsa, mai sanda da jaki, sai ya fi Gagara suna. Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Gashuwa, ya danna, muryar Babagana ta fito a hankali kamar kullum:

"Wushe, Malam Lawal. Mai gari ya ce a sanar da ku jiminar ta cika kwanakinta, kashinta lafiya lau. Ana jiran mai ita ya zo da kansa ya ɗauka."